Kusurwar Kimiyya: Yadda Harafi Yake Samun Lamba a Cikin Kwamfuta



Ku karanta waɗannan jimloli biyu da kyau. Ta farko: "Kura ta tashi a kasuwa." Ta biyu: "Ƙura ta tashi a kasuwa." In ta farko ce ta faru ranar kasuwar Goronyo, ai kowa sai ya bar buhun albasarsa ya ruga da gudu. In ta biyu ce, mutum ya toshe hanci ne kawai ya ci gaba da ciniki. Abin da ya raba su ɗan lanƙwasa ne a kan harafi ɗaya. Haka baki da baƙi, kasa da ƙasa, bata da ɓata, kaya da ƙaya. To amma ku duba saƙonnin da ake turowa a waya, kashi mafi yawa babu lanƙwasar. Wasu lokuta kuma an sa ta, amma sai ta iso a matsayin ɗan akwati babu komai a ciki, ko alamar tambaya.

Mu 'yan ƙungiyar jarida mun yi makonni muna bincike a kan wannan akwati. Binciken ya kai mu har ƙasar Kamaru, wurin wani sarki da ya ƙirƙiro rubutun kansa, sannan ya dawo da mu gida, wurin allon da muke karatu a kansa da safe. Ku biyo mu a hankali, akwai ɗan lissafi amma ba mai tsoratarwa ba ne.

Kwamfuta ba ta san harafi ba

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne, kwamfuta da waya ba su san "a" ko "b" ba. Lamba kawai suka sani, lambar ma da sifiri da ɗaya suke ajiye ta. In ka danna babban A, abin da na'urar take ajiyewa shi ne 65, wanda a harshenta yake zama 01000001. Ƙaramin a kuwa 97 ne, b 98, c 99, haka har zuwa z. Idan saƙo ya isa wayar abokinka, ita ma ta duba lambar, ta ce 97, sai ta zana masa a.

Wannan yana aiki ne in duka na'urorin sun yarda da jerin lambobi ɗaya. Kamar rajistar aji ce. In lamba 12 a rajistar malamin lissafi wani yaro ne, a rajistar malamar Hausa kuma wani yaron daban, ranar raba sakamako za a sha rigima.

A 1963 Amurkawa suka fito da wani jeri mai suna ASCII. Gurbi 128 ne kawai a cikinsa. A hankali ya ɗauki haruffan Turanci manya da ƙanana, lambobi, aya, waƙafi da makamantansu, shi ke nan ya cika. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Babu Larabci gaba ɗaya. Daga baya kowace ƙasa ta riƙa yin nata jerin, sai ya zama lamba ɗaya tana nufin harafi kaza a nan, harafi kaza a can. Rubutu in ya tsallaka daga wata kwamfuta zuwa wata sai ya zama shirme.

Saboda haka aka kafa Unicode, wanda ake furtawa yunikod. Fitowarsa ta farko a 1991 ce. Manufarsa ita ce kowane harafi na kowane rubutu a duniya ya samu lambarsa shi kaɗai, wadda ba za a taɓa ba wani ba. A 2022 alamomin da ke cikinsa sun kai 149,186, kuma ana ta ƙarawa. Har alamar kuɗinmu ₦ tana da tata lambar, 8358.

Haruffanmu masu lanƙwasa sun shiga tun farkon shekarun 1990. Ga su:

ƙ 409, babbansa Ƙ 408
ɓ 595, babbansa Ɓ 385
ɗ 599, babbansa Ɗ 394
ƴ 436, babbansa Ƴ 435

Ku lura, ƙ da babban yayansa maƙwabta ne, amma ɓ da ɗ an raba su da manyansu, an kai ƙananan wata unguwa inda masana furuci suke ajiye alamominsu. Shi kuma ƴ, a Nijar aka fi amfani da shi. Mu a Nijeriya 'y muke rubutawa. (Mu Sakkwatawa ma ba mu cika wahala da shi ba, tun da a baki "ɗiya" muke cewa, sai ranar jarrabawa mu rubuta 'ya'ya.)

Yanzu ku gwada: kasa a wurin kwamfuta ita ce 107, 97, 115, 97. Ƙasa da ƙaramin harafi kuwa 409, 97, 115, 97. Kun ga ita na'urar ta san bambancin sarai. Mu ne muke ƙyale shi.

To me yake kawo akwatin? Lamba ba ta isa ita kaɗai. Abu uku ne sai sun haɗu. Sai harafi ya samu lamba. Sai na'urar tana da zanen harafin a cikin salon rubutun da take amfani da shi, wanda masu kwamfuta suke kira font. Sai kuma akwai maɓallin da za a danna a fito da shi. Akwatin nan ma'anarsa: lamba ta iso, amma ban da hotonta. Kamar a kira sunan yaro a rajista, sunan yana nan, yaron bai zo ba.

Sarkin da ya yi wa mutanensa rubutu

Mu Hausawa mun yi sa'a, haruffa huɗu kawai muka nema a ƙara a kan na boko. Akwai mutanen da dukan rubutunsu ne babu shi a kwamfuta. Cikinsu har da Bamum.

Bamum mutane ne a yammacin Kamaru, babban birninsu Fumban. A ƙarshen ƙarni na 19 suka yi sarki mai suna Ibrahim Njoya. Ya gaji sarauta yana yaro, mahaifiyarsa ce ta riƙe masa mulki har ya girma. Da aka yi masa tawaye, Fulanin Banyo ne suka kawo masa ɗauki. A garinsa kuma akwai Hausawa fatake da malamai masu littattafan Larabci. Wato ya ga rubutu a hannun mutanenmu, ya ga yadda magana take zama a takarda ta yi tafiya ba tare da mai ita ba.

Labarin da ake bayarwa shi ne, Njoya ya yi mafarki an ce masa ya zana hannun mutum a kan allo, ya wanke, ya sha. Da muka karanta wannan wuri sai muka kalli juna, domin babu wanda bai san rubutun sha ba a cikinmu. Wajen 1896 ya tara mutanen fadarsa suka fara zana alamomi. Da farko hoto ne: kowace alama tana tsayawa a madadin wani abu ko wata kalma. Sun kai wajen 500.

Ku yi tunanin a ce a aji ɗaya na firamare sai ka haddace alamomi 500 kafin ka rubuta wa kakarka wasiƙa. Njoya ya ga haka ba za ta yiwu ba. Wannan ne wurin da ya fi burge mu a labarinsa. Bai ce tun da ni sarki ne abin da na yi ya zauna ba. Ya yi ta gyara, yana rage alamomin, yana sauƙaƙa zanensu, sau da yawa cikin shekaru kamar goma sha huɗu. Zuwa wajen 1910 sun dawo 80. Kuma sun daina zama hoton abu, sun koma alamar sauti. Galibinsu kowace ɗaya gaɓa ce guda, wato baƙi da wasali a haɗe. A boko in za ka rubuta "ka" sai ka sa k ka sa a. A rubutun Njoya alama ɗaya ce. Ana kiran wannan mataki A-ka-u-ku, daga alamominsa huɗu na farko, kamar yadda muke cewa abacada. Daga hagu zuwa dama ake rubuta shi, kuma yana da nasa lambobin ƙidaya.

Bai tsaya nan ba. Ya buɗe makarantu ana koyar da yara. An rubuta tarihin Bamum da al'adunsu, an rubuta littafin magunguna, an riƙa ajiye bayanan shari'a da na aure da haihuwa, an zana taswirar ƙasar da sunayen garuruwa cikin rubutun. Har ya sa aka zuba haruffan da ƙarfe domin a riƙa buga littattafai.

A lokacin Jamusawa ne suke mulkin Kamaru, kuma sun bar shi yana abinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransawa suka karɓi yankin. Su ba su so sarki mai ƙarfi haka ba. Suka rage masa iko, makarantunsa suka mutu, a 1931 suka kai shi Yawunde, can ya rasu a 1933. Daga nan masu iya karanta rubutun suka yi ta raguwa. Takardu dubbai suna ajiye a fadar Fumban da gidajen mutane, jikokin waɗanda suka rubuta su suna kallo ba su iya karantawa.

A shekarun 2000 fadar Fumban da wasu masana, cikinsu har da wani malamin tarihi mai suna Konrad Tuchscherer, suka fara aikin tattara takardun da ɗaukar hotonsu. To amma hoto hoto ne. Ba za ka iya neman kalma a cikin hoto yadda kake nema a cikin rubutu ba, ba za ka iya kwafo jimla ka tura wa wani ya gyara ba. Sai aka rubuta wa hukumar Unicode takardar buƙata. Ba a shiga don kawai an roƙa. Sai an kawo shaida: ga harafin, ga sunansa, ga tsohuwar takardar da ya fito a ciki, ga yadda ake jera shi. A Oktoba 2009 aka karɓi alamomi 88 na rubutun Bamum na zamani. Na farkonsu, wato A, lambarsa 42656, KA na biye da shi 42657, sai U, sai KU, daidai yadda Njoya ya jera su. A Oktoba 2010 aka ƙara wasu 569 daga tsofaffin matakan rubutun, domin masu nazarin tsofaffin takardu. Kamfanin Google ma ya yi masa font mai suna Noto Sans Bamum. Shekara 76 bayan rasuwar sarkin, rubutunsa ya samu wurin zama a cikin waya.

Samun lamba bai sa mutanen Bamum duka sun koma rubutu da shi ba. Har yanzu masu iyawa kaɗan ne. Abin da ya canja shi ne, yaron da yake so ya koya yau zai iya buga shi, ya tura, ya adana.

Ba su kaɗai ba ne a Afirka ta Yamma. N'Ko na mutanen Mande, wanda Sulaimana Kante ya ƙirƙira a 1949, ya shiga a 2006. Tifinag na Buzaye ya shiga a 2005. Sai Adlam na Fulfulde, wanda ya shiga a 2016. Wannan kam 'yan aji biyu su buɗe kunne: 'yan uwa biyu ne a ƙasar Gini, Ibrahima Barry da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980, ɗaya yana da shekara 14, ɗaya 10. Sa'o'inmu ne.

To mu fa, ina ajaminmu?

Tun kafin boko ya zo muna da rubutu. Ajami shi ne rubuta harshenmu da haruffan Larabci. A nan yankin namu ba baƙon abu ba ne ko kaɗan. Wurno da ke kusa da mu ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. 'Yar uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulfulde da Hausa, kuma jajis ɗinta, shugabannin 'Yan Taru, suna ɗaukar karatun suna kai wa matan ƙauyuka. Na Hausa da na Fulfulde duka da ajami aka rubuta su. Boko sai da Turawa suka zo ya kafu, lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ ma sai a shekarun 1930 ta zauna, kusan lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. Har yau in ka duba takardar ₦200, ₦500 da ₦1000 za ka ga ajami. An cire shi daga ƙananan takardun kuɗi a 2007, daga sabuwar ₦100 kuma a 2014.

Wani zai ce ai Larabci yana cikin kowace waya, me ya rage? Mu ma haka muka ɗauka kowa zai ce, shi ya sa muka kwatanta allo da waya harafi bayan harafi. Wanda ya yi babbaƙu a makarantar allo ya san ba guje, lam jaye, ɗa mai hannu. Ya kuma san cewa a rubutunmu na Warshu, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A Larabcin da ke kan maɓallan waya, fa ɗigo ɗaya ne a sama, ƙaf biyu. Wato abin da waya take kira fa, almajirin allo zai karanta shi ƙaf. Ba ƙaramin ruɗani ba ne.

Bayan haka Hausa tana da sautukan da Larabci ba shi da su. Akwai ts na tsamiya, wanda malamanmu suke rubutawa da ɗa mai hannu a ɗora masa ɗigo uku. Akwai wasalin e, wanda ake yi da ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi. Akwai gw, kw da ƙw. Malamai sun warware waɗannan da alƙalami da tawada tun da daɗewa, amma kowane sai ya nemi tasa lambar a Unicode. Ɗigon wasalin e ya shiga a 2005. A 2016 aka ƙara fa, ƙaf da nun irin na Afirka, masu ajiye ɗigonsu in sun zo ƙarshen kalma kamar yadda muke gani a allo. A 2020 aka sake ƙara wasu haruffa masu ɗigo uku saboda Hausa da wasu harsunan Afirka. Ku duba shekarun nan. Rubutun Bamum, wanda masu karanta shi kaɗan ne, ya gama shiga a 2010. Ajamin Hausa, mai miliyoyin masu harshe, ana ta cike masa gurabe har 2020. Mu a ganinmu dalili ɗaya shi ne an ɗauka Larabci ya riga ya shiga, ba a lura cewa ajami yana da nasa buƙatun ba. Wani dalilin kuma, malamai ba su rubuta shi iri ɗaya ba, na Sakkwato da na Kano suna ɗan bambanta a wasu haruffa, to sai an zauna an tantance.

Abin da ya faranta mana rai shi ne akwai font da aka yi shi musamman a kan salon rubutun hannu na Kano, mai kauri irin na littattafan kasuwa. Wata ƙungiya mai suna SIL ce ta yi shi, kuma sunansa Alkalami. Da ma sun sa masa lanƙwasar.

Me ya sa muka dame ku da wannan duka? Domin a gidaje da yawa na Goronyo, Wurno da Rabah akwai gafaka ko akwati da tsofaffin takardu a ciki: waƙoƙin wa'azi, wasiƙu, lissafin bashi, sunayen kakanni. Takarda ba ta jure gara, ba ta jure ruwa, kuma iyayenmu har yanzu suna ba da labarin ambaliyar 2010 da ta ci gidaje a wannan ƙaramar hukuma. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke adana irin waɗannan rubuce-rubuce, amma ba kowace takarda ce za ta kai can ba. Kuma ko takardar ta tsira, wa zai karanta? Ku tambayi kanku tsakani da Allah: mu nawa ne a aji za mu iya karanta wasiƙar Hausa da ajami ba tare da tuntuɓe ba? Da yawanmu muna karanta Alƙur'ani lafiya lau, amma a miƙo mana Hausa cikin haruffan nan sai mu tsaya muna haɗa baƙi. Jikokin marubutan Fumban haka abin ya fara musu.

Akwai abin da bai fi ƙarfinmu ba. Wanda yake da tsohuwar takarda a gida ya nemi izinin mai ita, ya ɗauki hotonta da rana a inuwa, ba tare da ya jiƙa yatsa da miyau yana buɗe shafi ba. Ya zauna da kaka ko malamin allo ya karanta masa, shi kuma ya rubuta da boko a littafi, ya sa sunan mai takardar da ranar. Wanda ake ba aron waya a gida ya shiga saitin maɓallan rubutu ya ƙara harshen Hausa. Manhajar Gboard tana da shi, kuma haruffa masu lanƙwasa suna nan a ciki. Daga ranar kada ya sake rubuta Dahiru alhali sunan yayansa Ɗahiru ne. Mu ma a wannan bango, duk wanda ya kawo mana rubutu babu lanƙwasa za mu mayar masa ya gyara kafin mu manna.

Gasar wannan mako

Ga kalmomi uku cikin harshen kwamfuta. Ku tuna a ita ce 97, sauran kuma suna biye da ita bisa jerin haruffan Turanci, har z da take 122. Lambobin masu lanƙwasa suna sama.

Ta ɗaya: 599, 97, 107, 105
Ta biyu: 409, 111, 102, 97
Ta uku: 595, 97, 117, 114, 101

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a ba sakataren ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis. Wanda ya rubuta kalmomin ukun da ajami a ƙarƙashin bokon, da hannunsa ba na malaminsa ba, takardarsa za mu manna a nan mako mai zuwa.